Gara A Gidan Farko: A Fasa Ciniki Ko A Yi Gyara?

A ƙarshen daminar bara wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake koyar da lissafi a wata makarantar sakandare, ya same ni a ofis ransa a ɓace. Shekara 11 ya yi yana tara kuɗi, da adashi da rancen ƙungiyar malamai, kafin ya sami wani gida mai ɗaki uku a bayan garin Zariya. An yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, abin da ya rage shi ne a cika kuɗi a gaban shaidu. Ranar da ya kai maiɗakinsa ta ga gidan, sai ta dafa katakon ƙofar ɗakin girki, yatsanta ya nutse a ciki. Da suka ɓantare fentin sai ga jar ƙasa cunkushe a inda ya kamata a ga katako, ga kuma fararen ƙwari suna gudun haske.

Kafin ya iso gare ni ya riga ya sha shawara iri uku. Dillali ya ce masa wannan ba komai ba ne, kwalbar fiya-fiya ɗaya ta isa. Kawunsa ya ce ya haƙura da gidan ko da zai rasa kafin alƙalamin, domin gidan da gara ta kama ba ya ƙarko. Wani mai feshi kuwa ya yi masa alkawarin kawo "maganin da", wanda in an zuba shi sau ɗaya sai a shekara 30 ba a sake ganin ko tururuwa ba.

A ganina dukkan su ukun sun yi kuskure, kuma tushen kuskuren ɗaya ne: sun yanke hukunci ba tare da ɗayansu ya duba gidan ba. Ganin gara a gidan da za ka saya labari ne da gidan yake ba ka game da kansa. Abin da ya wajaba shi ne a auna ɓarnar, a gano hanyar da garar ke bi, a ƙiyasta kuɗin gyara, sa'an nan a koma kan ciniki da wannan lissafi a hannu. Wannan aiki bai fi ƙarfin wanda ya yi karatun kimiyya na sakandare ba, shi ya sa nake ganin maganar ta shafi ɗalibai da malamansu tun yanzu, domin su ne masu sayen gidajen gobe.

Wace Ce Gara?

Mutane da yawa sun ɗauka gara wata irin farar tururuwa ce. Ba haka ba ne. A shekarar 2007 masana a Gidan Adana Tarihin Halittu na Landan suka wallafa binciken da suka yi a kan ƙwayoyin gado, wanda ya tabbatar da cewa gara dangin kyankyaso ce. Ko da ido ma ana iya rarrabe su: tururuwa tana da siririn ƙugu da gashin kai mai lanƙwasa, ita kuwa gara jikinta a miƙe yake, kuma fukafukai huɗu na shinge tsayinsu ɗaya ne. An san nau'in gara kimanin 3,000 a duniya, amma waɗanda ke ɓarna a gine-gine ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Sauran aikin gyaran ƙasa suke yi. Binciken da aka yi a dajin Mokwa ta Jihar Neja, wanda aka wallafa a 1981, ya nuna cewa gara ce ke kwashe kimanin kashi 60 cikin 100 na busassun itatuwan da ke faɗuwa a shekara. Manoman yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, masu haƙa ramukan tassa suna zuba taki a ciki, suna amfana da ita: takin ne ke jawo gara, ita kuma ta huda faƙon ƙasa, ruwan sama ya sami hanyar shiga. Ashe ke nan gara ba ta da wata gaba da ɗan Adam. Abincinta selulos ne, wato sinadarin da ke cikin itace da kara da takarda da auduga, kuma ba ta bambanta kututturen da ya faɗi a daji da katakon rufin ɗakinka.

Yawancin garar da ke damun gidaje a ƙasar Hausa a cikin ƙasa take zaune. Mafi shahara ita ce mai gina babban suri, wadda masana ke kira Macrotermes bellicosus. Sarauniyarta kan yi ƙwai har 20,000 a rana, ta kuma rayu kusan shekara 20. Wannan gara da danginta noma suke yi: sukan tauna itace su kai cikin gida su jibge, wata irin funfuna mai suna Termitomyces ta tsiro a kai ta narkar da shi, sa'an nan su ci. Akwai kuma ƙananan danginta, irin su Microtermes, waɗanda ba sa gina suri ko kaɗan. Ɗakunansu a warwatse suke a ƙarƙashin ƙasa. Don haka rashin ganin suri a kusa da gida ba shaida ba ce ta cewa babu gara.

Ga abin da ya fi muhimmanci ga mai sayen gida. Jikin gara laushi gare shi, iska da rana suna busar da ita nan da nan. Dole ne ta riƙa tafiya a rufe, tana kuma komawa ƙasa inda akwai danshi. Wannan ne dalilin da ya sa take gina siririyar hanyar ƙasa a jikin bango. Ba ta cin siminti, amma tsagar da ba ta wuce milimita 2 ba ta ishe ta wucewa. Gara ba ta shiga gida sai abu uku sun haɗu: abinci, da danshi, da ɓoyayyar hanya daga ƙasa zuwa katako. Wanda ya fahimci wannan ya san inda zai duba, ya kuma san abin da zai yanke.

Yadda Ake Duba Gida

Kayan aikin ba su da tsada: tocila mai haske, da sukundireba, da tsani, da littafin rubutu. A fara daga waje, a kewaye gidan a hankali ana duban gindin bango. A nemi hanyoyin ƙasa masu kaurin fensir da ke hawa daga ƙasa zuwa sama, a duba inda famfo ke yoyo, da inda indararo ke zubar da ruwa a gindin gini, da bayan banɗaki. A lura da kututturen itace da aka sare aka bar saiwarsa, da tarin itacen girki ko karan dawa da aka jingina da bango.

A cikin gida a ƙwanƙwasa kowane katako da gindin sukundireba. Lafiyayyen katako amonsa a cike yake, wanda aka cinye kuwa sai ya yi ƙara kamar fanko. Gara takan ci ciki ta bar ɓawo, shi ya sa fenti kan yaudari ido. A duba gindin katakon ƙofofi, da bayan kabad ɗin bango, da inda bututun ruwa ko na wayar lantarki ya huda daɓe, da kusurwar da daɓe ya haɗu da bango. Daga nan sai a hau cikin silin. Wannan shi ne wurin da masu saye ba sa zuwa, alhali a nan babbar asara take, domin canza katakon ƙofa aikin yini ɗaya ne, canza katakon rufi kuwa sai an ɗaye kwano.

In an ga hanyar ƙasa, a karya kamar tsawon ɗan yatsa daga tsakiyarta, a yi alama, a dawo bayan kwana uku ko huɗu. In an tarar an gyara, to garar tana nan tana aiki. In ba a gyara ba, mai yiwuwa tsohuwar hanya ce, ko da yake ya kamata a sake dubawa bayan ruwa ya sauka, domin da rani takan nutsa ƙasa neman danshi. Haka nan a san bambancin alamu. Jar ƙasa a cikin katako aikin garar ƙasa ne. Ƙananan ƙwayoyi masu tauri kamar tsabar acca a ƙarƙashin kujera ko gado kashin wata gara ce mai zama cikin busasshen katako, wadda ta fi yawa a kudu mai laima, kuma kayan ɗaki ne ke kawo ta. Gari mai laushi kamar fulawa da ke zubowa daga ƙananan huji aikin wani ƙwaro ne dabam. Kowannensu da maganinsa. Shingen da ya shigo ta taga a farkon damina yana bin fitila bai nuna komai ba. Wanda ya fito daga tsagar daɓen ɗaki shi ne abin tsoro.

Komawa Kan Ciniki

Bayan an duba, sai a kira kafinta da magini waɗanda ba su da alaƙa da dillali, su faɗi kuɗin canza abin da ya lalace da na toshe hanyoyin, a rubuta. Wannan takarda ita ce hujjar mai saye. Ko dai mai gida ya yi gyaran kafin a cika masa kuɗi, ko a rage daidai kuɗin gyaran daga farashi, a kuma sa wannan sharaɗi cikin takardar ciniki a gaban shaidu.

Na san za a ce wannan ba al'adarmu ba ce, kuma hawa silin ɗin mutum da tocila tamkar tuhumarsa ne. Amma wanda zai sayi sa a kara yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora, wanda zai sayi tsohuwar mota yakan tafi da makanike, ba a kuma taɓa jin mai kaya ya ce an ci mutuncinsa ba. Me ya sa sai gida, wanda ya fi komai tsada a rayuwar ma'aikaci, za a yi cinikinsa kamar cinikin biri a sama? A Amurka da Ostareliya duba gara kafin sayen gida abu ne da aka saba, har wasu masu ba da rancen gida a Amurka ba sa sakin kuɗi sai sun ga takardar mai dubawa. Mu ba mu da wannan tsari a yawancin cinikin da muke yi ta hannun dillalai, don haka nauyin yana kan mai saye. Shi kuma mai sayarwa ya tuna cewa addini da al'ada duk sun hana ɓoye aibin kaya. Shafa sabon fenti a kan katakon da aka san gara ta cinye ha'inci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Maganar Guba

Shawarar mai feshi ita ce ta fi tayar mini da hankali. "Maganin da" da yake nufi su ne irin su aldrin da dieldrin da chlordane, waɗanda aka daɗe ana zubawa a harsashin gini. Gaskiya ne suna daɗewa a ƙasa, kuma wannan daɗewar ce aibinsu. Ba sa ruɓewa da wuri, suna taruwa a kitsen jikin dabba da na mutum, har su fito a cikin nonon uwa. Suna cikin sinadarai 12 na farko da Yarjejeniyar Stockholm ta sa wa takunkumi, wadda aka rattaba wa hannu a 2001 ta fara aiki a 2004, kuma Nijeriya da Nijar duk suna cikinta. A 2009 aka ƙara lindane, wato sinadarin da ke cikin Gammalin 20, a 2025 kuma aka ƙara chlorpyrifos. Duk wanda ya kawo maka magani a jarkar da ba ta da suna, yana yabon ƙarfinsa, ka tuna da rijiyar da ke tsakar gidan, da yaran da za su yi rarrafe a kan daɓen. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Fiya-fiyar dillali kuwa tana kashe garar da ta taɓa ne kurum, sa'an nan ta bi iska. Dubban da ke ƙarƙashin ƙasa ba abin da ya same su, hanya kawai za su sake. Mafi muni shi ne ƙwayar da ake sa wa hatsi a rumbu, wadda wasu ke jefawa cikin silin ko ramin gara a cikin ɗaki. Iskar fosfin da take fitarwa tana kashe mutum a cikin barci, kuma ba ta da hurumi a gidan da ake kwana.

Ba ina cewa kada a yi amfani da magani ba ne. In gara ta riga ta shiga ta ƙarƙashin daɓe, sau da yawa sai an haɗa da shi. Akwai magungunan zamani irin su fipronil da imidacloprid, waɗanda gara ba ta jin su, sai ta ratsa ƙasar da aka jiƙa da su ta mutu daga baya. Ana haƙa ɗan kwari a gindin bango, ko a huda daɓe, a zuba gwargwadon awon da aka rubuta a jikin kwalba. Aikin wanda ya koya ne, da maganin da ke ɗauke da lambar rajistar hukumar NAFDAC, nesa da rijiya, domin su ma guba ne ga kifi ko ƙudan zuma. Ƙarfinsu na wasu shekaru ne, ba na har abada ba. A kuma yi hattara da shawarar da ake karantawa a intanet game da tarkon abinci mai guba da ake binnewa a kewayen gida: an tsara shi ne don garar wasu ƙasashe, kuma bai cika tasiri a kan garar da ke noman funfuna ba, wadda ita ce tamu.

Haƙa suri a fitar da sarauniya ma ba ya rufe magana. Wani lokaci zuriyar takan sami wadda za ta maye gurbinta, wani lokaci kuma garar da ke cin gidanka ba daga wannan surin take ba, tun da hanyoyinta na ƙarƙashin ƙasa kan yi nisan mita 50.

Abin Da Magabata Suka Sani

Magani mai ɗorewa shi ne a raba gara da abubuwa ukun nan da na ambata, kuma maginan gargajiya sun riga mu sanin haka. Sun zaɓi azara, wadda ake tsagawa daga gangar giginya, domin gara ba ta cika iya cin ta ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, azara ce a cikin bakan gizonsa, kuma har yau wani sashensa yana tsaye. Sun san ƙarkon ƙirya. Sun ɗora rumbu a kan duwatsu don a riƙa ganin ƙarƙashinsa. Suna yaɓe kowace shekara kafin damina, wanda ke nufin kowace shekara akwai idon da ke bin bango. Mu kuwa muka koma rufi da farin katako mai laushi saboda araha, muka shafa masa baƙin mai wanda bai wuce fatar katakon ba, muka rufe da silin, muka manta.

Darasin yana nan ga mai gidan siminti. Kada katako ya taɓa ƙasa. A bar aƙalla santimita 15 tsakaninsu, ta yadda duk hanyar da gara ta gina za ta fito fili. A gyara famfo mai yoyo, a kai ruwan indararo da na wanka nesa da gindin gini. A tone kututture da saiwarsa, a ɗauke itacen girki daga jikin bango, a ɗora shi a kan ƙarfe ko dutse. A toshe tsagar daɓe da kewayen bututu da siminti. Katakon da za a canza a sa mai tauri ko wanda aka jiƙa da maganin katako na gaskiya, in da hali kuma a sa ƙofar ƙarfe. Sa'an nan a ware rana biyu a shekara, ɗaya a farkon damina ɗaya a ƙarshenta, a kewaya gida da tocila.

Inda Kawu Yake Da Gaskiya

Adalci ne in faɗi cewa akwai lokacin da fasa ciniki shi ne daidai. In katakon rufi duka ya tafi kuma mai gida ya ƙi rage ko kwabo; in an yi ginin a kan tsohon suri har daɓe ya fara zaftarewa bango yana tsagewa; in gidan yana cikin kwarin da ruwa ke kwanciya, inda danshi ba ya yankewa; ko kuma in mai gida ya hana a hau silin, to gara a haƙura. Wanda ya kashe duk abin da ya tara wajen saye ba shi da sauran ƙarfin babban gyara, kuma asarar kafin alƙalami ta fi asarar rufi sauƙi. Inda na saɓa da kawu shi ne ya yanke hukunci daga jin labari. Da za a guji duk gidan da gara ta taɓa leƙawa, da an rasa gidan saye a ƙasar nan, kuma gidan da za a gudu zuwa gare shi a kan irin wannan ƙasar yake.

Aiki Ga Makarantu

Ina kira ga malaman kimiyyar halittu da na aikin gona su fitar da wannan darasi daga allo zuwa fili. Akwai gwajin da masana katako ke yi wanda kowace makaranta za ta iya. A yanko turaku masu girma ɗaya daga itatuwa dabam-dabam, misali ƙirya da darbejiya da maɗaci da azara da farin katakon kasuwa, aƙalla biyar-biyar daga kowane iri. A busar da su, a auna nauyinsu, a kafa su a bayan makaranta a farkon damina. Bayan wata shida a tone, a wanke, a sake busarwa, a sake aunawa. Ɗalibai za su koyi awo da lissafin kashi cikin ɗari da rubuta sakamako, za su kuma koma gida da sanin da zai amfani iyayensu. Haka nan ana iya raba su rukuni-rukuni su duba azuzuwa da ɗakin ajiyar littattafai, su zana taswirar inda suka ga alama, su miƙa wa shugaban makaranta.

Shi kuwa tsohon ɗalibin nawa, mun je gidan tare wata Asabar. Muka tarar garar ta hau ne ta gefen bututun ruwan ɗakin girki, wanda ya daɗe yana yoyo a cikin ƙasa, ga kuma kututturen mangwaro a bayan bangon. Ƙofofi biyu sun tafi, da katako huɗu na rufin wannan ɓangare. Sauran rufin lafiya lau. Kafinta da magini suka yi lissafi, mai gida ya yi gardama na kwana biyu, daga baya ya yarda aka rage kuɗin gyaran daga farashi. Ya tare da iyalinsa kafin sanyi ya shigo. Ya gaya mini cewa ya rataye tocilar a bayan ƙofar ɗakin girki, kuma ya rubuta ranar dubawa ta gaba a jikin kalanda.